Hankaki da Itacen Wanka

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Yau ma sun sace mani itace. Da idona na gani. Ina tankaɗe a bakin rumfa, baƙin ɗan banzan nan ya sauko kan tarin itacen da ke bayan ɗaki, ya bi ƙirare yana zaɓe kamar mace a rumfar atamfa. Ya ɗaga wannan ya aje, ya ɗaga wancan ya juya shi, sai da ya samu wanda ya yi masa sannan ya tashi da shi saman bedi. Na jefe shi da takalmi. Takalmin ya faɗa gidan maƙwabciyata Ajuma.

Hankaki biyu ne, sheƙa suke ginawa a bedin tsakar gidanmu, wato dogon yaro. Duk itatuwan Dogon Dutsi ba su ga na zama ba sai nawa.

Maigidana Malam ya ɗago daga keken ɗinkinsa ya ce, "Ladidi, ƙirare nawa tsuntsu za shi ɗauka? Wai ma mi za ki yi da iccen ga duka?" Na ce na damina ne. Ya ce to.

Ba na damina ba ne. A nan dai zan iya rubutawa: itacen wanka ne.

Alhamis, 8 ga Mayu

Cikin Afra'u ya shiga wata na bakwai, tana can Doso gidan mijinta Abdulwahid. Haihuwar fari gida ake zuwa, a yi wankan jego kwana arba'in, kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne wane gida.

Ƙanwata Mubarika ce ta haife ta a Geceme. Ranar da aka yaye ta aka kawo mani ita, da 'yar rigarta guda da majina har baki. Shekara ashirin da uku ke nan. Ni na kai ta lakwal ta yi boko, ni na yi jinyar ƙyandarta, daga ɗakin nan aka ɗauke ta amarya. Amma ni ban taɓa haihuwa ba, ban taɓa zama gaban tukunyar wanka ba. Mubarika ta haifi takwas. In da ni ce mai cikin, wurin wa zan tafi?

Ba wanda ya ce mani komai, ni ma ban tambayi kowa ba. Itace dai nake tarawa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Sabulu. Sabo fil, jiya na ɓare shi. Na aje a bakin randa na shiga ɗauko zane, na fito babu. Me tsuntsu zai yi da sabulu?

Juma'a, 16 ga Mayu

Ajuma ta leƙo ta katanga ta ga sheƙar, ta yi dariya har da riƙe ciki. "'Yan uwanki sun zaka ziyara, Hankaka."

Ita ta laƙaba mani sunan nan tun Afra'u tana goye. Mutane suna cewa wai hankaka ba ya ƙwai, 'ya'yan wasu tsuntsaye yake sacewa ya rena su koma nasa. To ga ni, ba haihuwa, ga 'yar wata a bayana. Da wasa ta faɗa a gidan wani suna, mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi, na dawo gida na yi kuka na wuni. Sunan ya bi ni. Ajuma ba muguwa ba ce, ita ta kwana uku a likita da ni lokacin da aka yi mani aikin ido. Baki ne da ita kawai. Amma ban taɓa amsa sunan ba, ko sau ɗaya, kuma tun daga ranar ba na son ganin tsuntsun nan.

Na ce mata ta maido mani takalmina. Ta ce akuyarta ta fara cin igiyar.

Laraba, 21 ga Mayu

Sun san ni. Wallahi sun san ni. Malam ya ratsa ƙarƙashin bedi sau goma, ko kallonsa ba sa yi. Ni da na fito daga ɗaki sai ƙa, ƙa, ƙa, kamar an ga ɓarawo a kasuwa. Na gwada: na yafa tsohuwar rigar Malam, na kifa malafarsa, na fito ina takawa a hankali irin tafiyarsa. Namijin ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, ya sake karkatawa ya duba da ɗayan, sai ya ɓarke da ihu. Malam ya yi dariya har allura ta soke shi. Ya ce shekara talatin da biyu yana tare da ni bai taɓa ganin na yi wa wani kwalliya haka ba.

Na sa masu suna don in san wanda nake zagi. Namijin Zandarma, saboda farar rigar ƙirjinsa da yadda yake takawa a kan katanga kamar ɗan sanda. Macen tana ɗingishi da ƙafar hagu, ita ce Gurguwa.

Asabar, 24 ga Mayu

Wata baƙuwar tsuntsuwa ta zo da hantsi, mai dogon bindi, da ɗige-ɗigen fari a fuka-fukai da ɗan tukku a ka. Su biyu ne. Ɗaya ya yi ta shawagi gaban sheƙar yana tsokana har Zandarma da Gurguwa suka bi shi can bayan masallaci. Ɗayar kuwa ta faɗa cikin sheƙar, ko minti ba ta yi ba ta fito ta yi gaba. Na ce yau ɓarawo ya gamu da wanda ya fi shi. Ban ga ta fito da komai ba dai.

Talata, 27 ga Mayu

Na kankare ƙanzon tukunya na watsa wa kaji. Gurguwa ta sauko ta ɗauki babba, ta sara ta ji tauri. Sai ta kai shi kaskon ruwan kaji ta tsoma, ta koma gefe ta tsaya tana jira. Jira fa, kamar mai jiran shayi ya dahu. Da ya jiƙa ta ɗauka ta ci. Kajina shekara nawa suna shaƙewa da ƙanzo a bakin kaskon nan, ba wadda ta taɓa yin wannan dabara.

Ban jefe ta ba. Hannuna da ƙullu ne, shi ya sa.

Afra'u ta kira da la'asar. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma ta ce ba komai, ita da take aikin jinya ta fi ni sani. Na ba ta labarin ƙanzo ta yi ta dariya. Maganar gida ta zo mani har maƙogwaro, na ce mata ta rage gishiri.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ajuma ta dawo biki daga Geceme. Tana kwance ɗankwali tana ba ni labari, wai ta ishe Mubarika ta sayi ƙatuwar tukunya sabuwa, irin ta wankan jego, an jingine ta a zaure. "Mutum biyu ka shiga cikinta," in ji ta.

To shi ke nan. Uwa uwa ce. Ba ni da abin cewa, ba a yi mani laifi ba.

Na zauna bayan ɗaki gaban itacen har rana ta faɗi. Zandarma ya zo kan katanga bai yi mani ihu ba. Na ce masa ya kwashe duka in yana so.

Litinin, 2 ga Yuni

Ban yi girkin rana ba. Na ce wa Malam kaina ke ciwo.

Asabar, 7 ga Yuni

Babbar salla. An gasa ragon Malam da na maƙwabta a ƙofar gida, an jera su kewaye da wuta. Ni da Ajuma muna tsakar gida muna gyaran kayan ciki, sai ga Zandarma ya dira gabanmu yana tsalle-tsalle, yana jan bakin tabarma, kamar zai ɗauki wuƙa. Ajuma ta tashi ta bi shi da muciya. Ni ma na juya ina kallo. Kafin mu waigo Gurguwa ta lallaɓo ta baya ta ɗauke rabin hanta daga faifai. Shiri suka yi! Ɗaya ya ɗauke mana hankali, ɗaya ta yi aiki. Ajuma ta tsaya da muciya a sama tana salati, ni kuwa dariya ta kayar da ni kan tabarma. Rabon da in yi dariya irin wannan tun kafin labarin tukunya.

Mubarika ta kira barka da salla. Ta ce, "Yaya, ya ɗiyakki? Kin ji ta?" Haka take cewa kullum. 'Yar fari ce, ba ta faɗin sunanta, ko a gaban likita. Na ce tana lafiya. Ba ta ambaci tukunya ba, ni ma ban ambata ba.

Talata, 10 ga Yuni

Ina shara da safe na tsinci ɓawon ƙwai a gindin bedi. Shuɗi-shuɗi ne mai ɗan kore, da ɗige-ɗigen ƙasa-ƙasa, bai kai na kaza ba. Na ɗaga kai, ga Gurguwa a bakin sheƙa ta sunkuya, ga wani ɗan kuka siriri yana fitowa daga ciki.

Ashe suna ƙwai.

Na kai wa Ajuma har ɗaki a tafin hannuna. Na ce ta duba da kyau, ƙwan hankaka ne, ƙarya mutane ke yi masa tun kakanni. Ta juya shi ta ce, "To ke ina ruwanki? Ba ke ka jihwarsu da takalmi ba?" Na karɓe abina. Na sa ɓawon cikin gwangwanin alluran Malam na rufe.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ruwan shuka ya sauka jiya da la'asar, yau gari duk an tafi gona. Na ja itacen na shigar da shi ƙarƙashin rumfa, na rufe da leda. Ko ba wanka ai ba a bar itace ya jiƙe ba.

Tun da asuba hankakin suke jigila, shi ya tafi ita ta dawo. Fara, ƙadangare, tsutsa, guntun tuwo daga gidan wa oho. Gurguwa duk ta rame. Na aje ƙanzo a kan katanga, na jiƙa shi tukuna don in rage mata aiki.

Litinin, 23 ga Yuni

Na samu marfin kwalba ja a daidai inda nake aje ƙanzo. Jiya kuma maɓallin riga ne, Malam ya ce nasa ne da ya ɓata tun azumi. Wai biyana suke yi. Na ce in biya ne su fara da sabulu.

Sun daina yi mani ihu. Yanzu in na fito wani ɗan gurnani Zandarma yake yi can cikin wuya, ƙasa-ƙasa. Ajuma suke yi wa ihun, tun ranar muciya.

Laraba, 2 ga Yuli

Yau na ga abin da ya hana ni cin abincin rana.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya fito ya zauna kan reshe. Sauran biyu suna cikin sheƙa, baƙaƙe, bakinsu ja, munana kamar ubansu. Wannan kuwa ba hankaka ba ne ko kaɗan. Siriri ne, cikinsa fari-fari, bindinsa dogo, fuka-fukansa da ɗige-ɗige. Na tsaya ina tunanin inda na san kamar nan, sai na tuna baƙuwar tsuntsuwar watan Mayu. Ashe ba ɗauka ta zo yi ba, ajiya ta zo yi.

Gurguwa ta dawo da fara a baki. Na ce yau za ta gane. Tsuntsuwar da ta gane ni cikin rigar Malam da malafa, a ce ba ta san wannan ba nata ba ne? Ta sauka kusa da shi, ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya yadda suke yi. Ya buɗe baki yana karkaɗa fuka-fukai. Ta zura masa farar har maƙogwaro, ta gyara masa gashin wuya, ta tashi neman wata.

Na ɗauki hoto da waya, na aika wa Afra'u. Ta kira nan take. "Inna, c'est un coucou, mun yi shi a lakwal. Uwar tana aje ƙwanta cikin sheƙar hankaka, shi kuma ya rena." Na ce to ashe ba sata yake yi ba, kawo masa ake yi. Ta ce haka ne. Sai ta ce, "Inna, kin ci abinci kuwa?" Na ce na ci.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na gaya wa Malam gaskiyar itacen. Bai ko tsayar da keke ba. Ya ce, "Na sani tun watan azumi. Wa ka tara iccen damana yana zaɓen na ƙirya?" Ya ce in kira yarinyar in tambaye ta mana. Na ce in ta ce Geceme fa? Ya ce to sai mu tafi Geceme da itacenmu.

Ban kira ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Da hantsi na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, hankaki suka ɗauki ihu. Na fito da kumfa a hannu. Mubarika ce take ja da baya ta cikin zaure, ita da direba suna kokawa da tukunya, ta ƙi shiga ƙofa sai da aka karkata ta. Tukunyar nan ce. Ajuma ba ta yi ƙarya ba, mutum biyu za su shiga.

Mubarika ta share gumi ta ce, "Yaya, ina za a girka ta? Ɗiyakki na bisa hanya jibi, ke ko ba ki da tukunyar kirki, na san ki."

Na ce na ɗauka can za ta.

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Can ina? Ni in wanke ta? Da wane ido? Ko sunanta ban iya hwaɗi, in tuɓe mata zane? Tun wata ukku ta hwaɗa ma mijinta gida za ta, anka aiko mani in sani. Mu duka mun ɗauka kin sani. Wa ka gaya ma uwa ɗiyarta za ta zaka gida?"

Na ce ban iya wankan ba, ban taɓa yi ba. Ta ce ita za ta zauna har bayan suna ta hura wuta ta nuna mani daga bakin ƙofa, hannu dai nawa ne. Sai ta hango rumfa, ta ɗaga ledar ta ga itacen, ta juyo ta dube ni. Daga nan ban san wadda ta fara kuka ba. Malam ya tashi ya ce zai je sayen zare, alhali zare cike da akwati.

Wata biyu ina cin raina a kan tambayar da ba wanda ya ga tana buƙatar amsa.

Talata, 8 ga Yuli

Ta iso. Ta yi nauyi, hancinta ya buɗe, ta yi kyau. Ta shiga ɗakinta na da ta kwanta kan gadonta ta ce, "Wash, gida." Ta yi barci har la'asar, ni kuwa na yi ta leƙawa.

Ta kafa mani doka: ruwan wanka kada ya yi zafin ƙona fata, kunu kuma kanwa kaɗan. Mubarika ta ce yaran yanzu sun fi kakanninsu sani. Na ce abin da ma'aikaciyar jinya ta ce shi za a yi a gidana.

Alhamis, 24 ga Yuli

Mace! Da hantsi, a likita, lafiya lau ita da uwar. Ni aka fara miƙa wa. Alhamdu lillahi. Hannuna ba zai iya rubutu ba yau.

Asabar, 26 ga Yuli

Wankan farko da sassafe. Ganyen bedi ake tsomawa a ruwan a fyaɗa wa mai jego, bedin kuwa nasu ne yanzu, 'ya'yan sun fara fitowa kan rassa. Mubarika ta ɗauki lauje ta nufi gindin, suka taso mata su biyu har sai da ta yar da ɗankwali ta gudu ɗaki. Na karɓi laujen na je. Zandarma ya dube ni, ya yi ɗan gurnaninsa, ya matsa reshen sama. Na yanki ganyena son raina.

Mubarika tana bakin ƙofa ta juya baya tana ba da umarni, fara da kafaɗa, sauko baya, kada ki ji tausayi. Afra'u tana cewa Inna a hankali. Na jiƙe sharkaf, hayaƙi ya cika mani ido. Itacen ƙirya yana ci da kyau, ban yi zaɓen banza ba.

Alhamis, 31 ga Yuli

Suna. An sa mata Rumaisa'u. Gida ya cika har zaure. An ɓata cokali biyu da ƙashin rago, na san inda suke.

Talata, 5 ga Agusta

Mubarika ta koma Geceme, yanzu ni kaɗai nake wankan, hannuna ya faɗa. Mai dogon bindin nan ya tafi tun makon jiya, ban ga tafiyarsa ba. Gurguwa ta kwana biyu tana zama a reshen da yake zama, sannan ta ci gaba da harkarta. Baƙaƙen biyu suna bin ta kan katanga suna koyon tsoma ƙanzo, ɗaya ya faɗa cikin kaskon.

Da la'asar ina goye da Rumaisa'u ina rage wuta, Ajuma ta ƙwala kira ta katanga, "Hankaka, ara mani rariya!"

Na ce na'am.

Bakina ne ya riga ni, hankalina yana kan wuta. Sai ta ce, "Mi kika ce?" Na ce rariyar tana kan turmi, ta zagayo ta ɗauka, ta rufe kanta da kyau don mutanen sama ba su manta muciya ba.

Gobe in tuna in jiƙa ƙanzo da yawa, yanzu su huɗu ne.